Tsumman Zanen Inna da Haƙoran Kyalla

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Hafsatu, ƙanwata kuma ɗiyata.

Ina fatan kun sauka Gummi lafiya, ke da Baba Isa mijin Gwaggo da ya zo ɗaukarki, da ɗan kwikwiyonki Kasko a cikin kwandonsa. Allah Ya sa hanya ta yi muku sauƙi, Ya tsare ku daga abin da ake gudu a kanta, Ya sa ba ku tsaya ko'ina ba sai inda kuka yi niyya. Ki gaishe mini da Gwaggo. Ki durƙusa sosai, ban da gaisuwar nan taki ta tsaye kamar mai jiran mashin.

Na sa takardar nan a ƙasan jakarki, cikin hijabinki na Islamiyya, don na san sai kin isa za ki gan ta. Kin san halina, da baki ba zan iya ba. Ranar da aka yaye ki, ni Inna ta miƙa wa ke, ina 'yar shekara bakwai, ta ce, "Rabi, ga ɗiyarki nan." Bayana ya san nauyinki tun ba ki san sunanki ba. Don haka yau ki bar ni in yi miki magana irin ta uwa, ko da za ki yi dariya ki ce Inna Ƙarama ta fara wa'azi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ce na koya wa Kyalla cafke tufafin mutane.

Kina nan abin ya faru, sati biyu da suka wuce. Kyalla, karyar gidanmu, uwar Kasko, ta fita ta ɓular darni, ta cafke hijabin Safiya 'yar maƙwabtanmu tana hanyar Islamiyya. Yarinya ta ruga, ta faɗi, haɓarta ta fashe a kan dutse, haƙori kuma ya karce mata ƙafa. Baba ya ɗauke ta a mashin zuwa asibitin Bukkuyum aka yi mata allura. Ya tsaya ƙofar gidansu, da furfurarsa, yana ba da haƙuri. Da ya shigo gida ya ce wa Inna, "Wagga karya jininta ne ba kyau. In ɗiyanta sun ƙare, ranar kasuwa masu keji su tahi da ita." Kin san masu keji, mutanen nan da ke tara karnuka a kejin ƙarfe su yi kudu da su. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Ina zaune ina tankaɗe lokacin da ya faɗi haka. Ban ɗaga kai ba. Kasko shi ne na ƙarshe cikin 'ya'yanta biyar, ga shi yau ya tafi tare da ke.

Ba jininta ba ne, Hafsatu. Hannuna ne. Zan gaya miki yadda aka yi tun daga farko, don kada ki maimaita a kan Kasko, don a gidan Gwaggo ma akwai jikoki masu gudu da riguna, Baba Isa kuwa ba shi da haƙurin Baba.

Shekara biyu ke nan da Baba ya kawo Kyalla daga Adabka a aljihun rigarsa, idonta bai daɗe da buɗewa ba. Saboda awaki ya kawo ta. Ya kafa doka: wurinta garke, bayan rumbu, ba ta shiga tsakar gida, kwanonta daban, kuma 'yan mata ba sa wasa da ita. Ya tuna mana cewa ƙwaryar da kare ya sa baki sai an wanke ta sau bakwai. Ni lokacin na gama firamare ke nan, kowa ya tafi makaranta ko gona, sai ni da Inna a gida. Ni ke kai mata ƙanzo da ruwa. In na juya zan tafi sai ta biyo ni tana kuka, tana faɗuwa, ƙafafunta ba su gama ƙwari ba.

Ina son taɓa ta, ina tsoron yawunta. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na yagi tsohon zanen Inna, shuɗin nan mai zanen kifi, na naɗe hannuna da shi har ninki uku, na miƙa mata. Ta cafke. Ta girgiza kai, tana gurnani da 'yar muryarta kamar ƙudan zuma a cikin gora. Na yi dariyar da ban taɓa yi a gaban mutum ba. Na ce a raina, ga wasa na samu, ga fatata da tsarkinta. Kullum da hantsi, in Inna ta shiga ɗaki, sai in zaro tsumman daga ƙarƙashin rumbu.

Ɓarna biyu na yi da wannan tsumma, ban gane ba sai da lokaci ya ƙure. Ta farko, na nuna mata cewa tufa in yana jikin mutum yana motsi, abin kamawa ne. Ita ina za ta san bambancin tsohon zane da sabon hijabi? Ta biyu ta fi muni. Da yake hannuna a naɗe yake, ban taɓa jin zafin haƙorinta ba, don haka ban taɓa nuna mata ta yi yawa ba. Ta girma tana zaton mutum ba ya jin ciwo.

Ke kada ki ba Kasko tufa, ko wane iri, ko tsumman da aka yar. Kada ki ba shi tsohon takalmi. A cikin kwandonsa na sa miki igiyar rama da na tufka mai kauri, na ƙulla mata kai biyu. Ita ce abin cizonsa, ita da totuwar masara. Duk lokacin da bakinsa ya nufi ƙafarki ko zanenki, ki sa masa igiyar a baki tun bai kai ba. In kina son shafa shi, ki shafa da hannunki tsirara, a baya ko a ƙirji, sannan ki je ki wanke da sabulu. Ruwa ba ya ƙarewa a randar Gwaggo. Ni gudun wanke hannu ne ya kai ni inda nake yau.

Bayan tsumma, kuskurena na biyu shi ne ja da gudu. In ta kama sai in ja, in na ja sai ta ƙara riƙewa, in na fizge sai in ruga in zagaya rumbu tana bina, zanena yana kaɗawa. Ni ina ganin wasa muke. Ita kuwa karatu take ɗauka.

Wadda ta fara nuna mini haka ita ce Dije mai nono, Bafillatanar nan da ke zuwa daga rugar bayan fadama. Wata rana, Kyalla tana da kamar wata shida, Dije ta shigo ta ƙofar garke da ƙwarya cike a kai. Kafin in yi motsi Kyalla ta yi tsalle ta kama gefen zanenta. Na rufe ido, na ce yau nono ya tafi, asirina kuma ya tonu.

Da na buɗe ido, Dije tana tsaye. Ba ta ja ba, ba ta yi ihu ba, ba ta ko dubi ƙasa ba. Ta harɗe hannuwanta a ƙirji, ƙwarya a kai ba riƙo, idonta yana kan reshen dalbejiya kamar tana ƙirga ganye. Kyalla ta ja, ta yi gurnani, ta girgiza kai. Zane bai ba ta amsa ba. Ta sake ja, a hankali wannan karon. Sai na ga kunnuwanta sun sauka, ta saki, ta ja da baya, ta zauna tana kallon matar nan kamar ɗalibar da ta manta karatu. Sai a lokacin Dije ta sunkuyar da ido, ta yi mata wata magana mai taushi da Fillanci, ta gutsiri fura ta jefa mata. Ko ɗigo ɗaya na nono bai zuba ba.

Na sha ganin maza suna korar kare da sanda da jifa da zagi, kare yana ƙara haukacewa. Ga mace ta kwance shi da tsayuwa kawai.

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyar Malam, wa ke wasa da wagga da tsumma?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Awo. To aljanu ne. Aljanun gidanku ma zane mai kifi suke ɗaurawa." Ashe bakin tsumman ya leƙo daga ƙarƙashin rumbu. Ta yi dariya har haƙorin makkanta ya fito. "Ku Haɓe kun iya abu. Kuna gudun kare da ƙafa, kuna kiransa da zane."

Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsu.

Ta ce, "Ji nan, 'yar nan. Abin da ya motsa, shi ne nama a wurinta. In ta kama, ki zan kututture. Kututture ba shi da daɗin wasa. In ta saki, sannan ki zan mutum."

Ba ta gaya wa Inna ba. Ni kuma na ji maganar, na gane ta sarai, amma ban bari ba. Wannan shi ya fi ci mini rai. Kin san ni, in baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki, in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Duk garin Nasarawa Burkullu, Kyalla kaɗai ce ba na jin kunyarta. In na daina guje-gujen nan, da wa zan yi dariya? Na zaɓi daɗin raina a kan gyaranta. Ke kada ki yi haka. Gidan Gwaggo zai yi miki baƙunta kwanakin farko, za ki so wanda zai bi ki da gudu. Ki yi gudun da 'yan mata a makaranta. A gaban Kasko ki yi tafiya. In kina son ya yi gudu, ki jefa masa totuwa ya bi ta, ke kina tsaye.

Na uku, duka. Kin tuna hijabina na ƙaramar Sallah, ruwan toka, da na ce wa Inna ƙusar ƙofa ce ta yaga shi? Kyalla ce. Na shiga garke da shi don in nuna mata, ki ji wauta, ta yi tsalle ta raba shi biyu. Raina ya ɓaci, na cire silifas na ɗora mata a hanci da ƙarfi. Kukan da ta yi har yau yana kunnena. Kwana biyu in na miƙa hannu sai ta runtse ido ta lafe a ƙasa. Rana ta uku kewa ta kama ni, na sake zaro tsumman. Ki duba fa: jiya an doke ta saboda tufa, yau an miƙo mata tufa ana dariya. Ko mutum ne sai ya rikice.

Dukan bai rage komai ba. Abin da ya canja shi ne wannan: da, kafin ta kama, sai ta kwantar da ƙirji ƙasa, ta ɗaga gindi sama, ta kaɗa wutsiya, kamar mai neman izini. Bayan dukan ta daina neman izinin. Sai dai ta wawura da sauri ta ja baya, don ta san hannu yana iya saukowa.

Kada ki doke shi, ko da kara. Kada ki matse masa baki, kada ki danne shi ƙasa. In haƙorinsa ya taɓa fatarki, ko bai yi zafi sosai ba, ki ce "Wash!" sau ɗaya, ba da ihu ba. Ki saki igiyar, ki harɗe hannu, ki juya baya. In ya ci gaba, ki fita ki ja ƙyauren garke, ki yi kamar tsawon ɗebo ruwa a randa, sannan ki dawo ki miƙa masa igiyar. Zai sake. Ki sake fita. Rana ɗaya kina iya fita sau goma, kada ki gaji. Ba abin da yake so a duniya kamar ki tsaya tare da shi, don haka tafiyarki ta fi masa bulala ciwo, kuma ba ta sa shi tsoron hannunki.

Amma dokar sai kowa ya riƙe ta. In ke kin zama kututture, jikokin Gwaggo kuma suna kaɗa masa riga suna ihu, aikinki ya tashi a banza. Ki tara su ki nuna musu tsayuwar Dije, ki mai da ita wasa, wanda ya fara motsi ya faɗi. Ke bakinki ba shi da nauyi irin nawa. Kin taɓa tsayar da mai kifi a ƙofar gida kina masa gardama a kan ƙaya, ba za ki kasa yara uku ba.

Sai maganar lokaci, nan ma na yi ɓarna. Da ta girma na koma yin wasan da la'asar, daidai lokacin da yara ke wucewa Islamiyya ta bayan darninmu. In na gama hura mata wuta a jiki sai in ɓoye tsumman in shige gida, in bar ta tana haki, idonta a ɓular darni, hijabai suna wucewa iska tana kaɗa su. Ranar Safiya ma haka aka yi. Ban daɗe da barin garken ba na ji ihun.

Ki iya tsayar da wasa tun yana da daɗi. Ki dubi jikinsa. In bakinsa a sake yake, jikinsa yana lanƙwasa, yana atishawa, yana sakin igiya yana sake kamawa, wasa ne, ko da yana gurnani. In jikin ya sandare, ido ya tsaya wuri ɗaya, gurnanin ya koma can ƙasan maƙogwaro, to ya isa. Ki ba shi totuwa ya kwanta ya gwagwiya, ki zauna kusa har numfashinsa ya sauka, sannan ki tafi. Wani lokaci za ki ga ya haukace yana cizon komai, turke, kwano, wutsiyarsa. Ba mugunta ba ce, barci ne. Ki sa shi a inuwa ki rabu da shi.

Ke ma haka kike. Kina bayana, haƙora suna fito miki, kika kafa mini su a kafaɗa har jini ya tsattsafo. Na zo wurin Inna ina kuka, na ce sai na rama. Ta ce, "Rama mi? Dasashinta ke ƙaiƙayi. Ba ta ɓawon rake, ki jijjiga ta." Kafin in zagaya tsakar gida sau biyu kin yi barci da raken a baki. Tabon yana nan, in kin zo hutu zan nuna miki. Shi ma Kasko nan da wata biyu haƙoran nono za su fara zuba, cizon zai ƙaru kafin ya ragu. Kada ki ce ya lalace. Na taɓa tsintar haƙorin Kyalla a cikin tsumman, fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na daɗe ina juya shi a tafin hannu. Ashe su ma ana ba su na wucin gadi, masu tsini kamar allura, tun muƙamuƙinsu ba shi da ƙarfi, don a ji zafi a yi musu magana kafin manyan su zo. Wa ya tsara wannan in ba Allah ba?

Yanzu ga abin da ya sa na tabbata ba jininta ba ne.

Da Kyalla ta haihu, na riƙa zama bakin rumbu ina kallonta da 'ya'yanta. Ban taɓa ganin makaranta irin wannan ba. Ɗaya zai ciji kunnen ɗan'uwansa. In ya yi yawa, wanda aka ciza sai ya yi ƙara ya tashi ya bar wurin. Mai cizon sai ya tsaya shi kaɗai yana waige-waige. In an dawo, sai ki ga ya rage ƙarfi. Ba malami, ba bulala, kullum cizon yana ƙara laushi. Abin da Dije ta yi da ƙwarya a kai, shi ne 'yan mitsi-mitsin nan suke yi tun ba su iya tafiya sosai ba.

Kasko ya fi su rashin ji, kin sani. Ranar nan da kika zo kika same ni a wurin, yana rataye a leɓen uwarsa yana ja. Ta kau da kai, ya biyo. Ta tashi ta canja wuri, ya biyo. Sai ta buɗe baki ta sa kansa gaba ɗaya a ciki.

Kika ƙanƙame ni kika ce, "Yaya, ta cinye shi! Wallahi ta cinye mini shi!"

Bakin nan ne fa na ga ya fasa ƙashin ƙafar saniya ranar babbar Sallah, ƙarar har tsakar gida. Ga kan Kasko a ciki, bai fi ƙwan zabo ƙwari ba. Ta riƙe shi shiru. Ba ta matsa ba. Ya yi tsit, wutsiyarsa ta daina motsi. Sai ta buɗe, ya fito da kai jiƙe sharkaf, ya yi atishawa, ya zauna. Ta lashe shi tun daga hanci har wuya.

Kika ce, "Au, ashe wankan kai aka yi mishi." Kika tafi kina dariya.

Ni ban iya tashi ba. Kyalla an raba ta da uwarta tun ba ta ga wannan ba. Ba ta yi wasa da 'yan'uwa ba, ni kaɗai ta samu, ni kuma na koya mata karkatacce. To wa ya gaya mata iyakar inda haƙori zai tsaya? Wa ya sa mata ma'auni a muƙamuƙi, wanda ya san ƙashin saniya, ya san kan jariri? Na zauna ina ta subhanallahi har inuwa ta bar ni. Dabbar da muke kyara, muna wanke ƙwarya saboda ita, an ajiye mata ilimi a jiki tun ba a haife ta ba, ya jira shekara biyu, ranar da aka buƙace shi ya fito cif. Ta san awo, Hafsatu. A kan tufa ne kawai aka ce mata babu awo, ni kuma na ce mata.

Ba ina rage abin da ya sami Safiya ba ne. Tabo yana haɓarta, kuma har yau ta bayan masallaci take zagayawa don kada ta bi ƙofarmu. Wannan ma a wuyana yake.

Shi ya sa da Baba Isa ya aiko neman Kasko tun yana da wata ɗaya, na roƙi Inna a bar shi ya cika biyu a wurin uwarsa. Ta dube ni ta ce, "Ke Rabi, yaushe kika zan malamar karnuka?" Na ce kawai ya yi ƙanƙanta. Ta ce to. Don haka ya zo miki da rabin karatunsa. Saura ki nuna masa fatar mutum ta fi ta 'yan'uwansa taushi.

Wannan kuma ki riƙe da kyau. In haƙori ya huda fata, ko a wasa ne, ko ke ko wani, a wanke wurin da sabulu ana zuba ruwa, a daɗe ana wankewa, a gaya wa Gwaggo nan take, a tafi asibiti a ranar. Ban da toka, ban da barkono. Kada ki ɓoye don tsoron a kore shi. Ki roƙi Baba Isa ya kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allura. Kada ki bar shi da yaro mai rarrafe ba babba a wurin, komai hankalinsa. Karen da ba ki sani ba kuwa, ba ruwanki da shi.

Sati biyun nan ban zauna ba. Kyalla tana ɗaure a turke, ni ke kai mata abinci, sai na fara abin da ya kamata in fara tun ranar Dije. Ranar farko ta kama zanena, na harɗe hannu na dubi dalbejiya. Ta ja har na ce zanen zai kwance. Da ta saki na miƙa mata igiya, na yaba mata. Kwana huɗu ba wani canji, har na fara fid da rai. Rana ta biyar ta kama ta saki da kanta. Jiya na sa hijabina mafi faɗi, na wuce ta gabanta da sauri ina kaɗa shi da gangan. Ta miƙe. Jikinta duk yana rawa. Ta dubi hijabin, ta dube ni. Sai ta juya ta ɗauko igiyar, ta ajiye a ƙafata.

Na tsuguna a garken nan, awaki suna kallona, na yi kuka. Shekara biyu ina ɓata ta, kwana goma sha uku ta yafe mini ta ɗauki gyara. Ban ce ta gama ba. Ɓular darni sai an toshe, kuma ba za a sake ta lokacin wucewar yara ba. Amma tana ji.

Allah Ya raya mini ke, Hafsatu. Ya sa Gwaggo ta ji daɗin riƙonki, Ya buɗa miki karatu, Ya haɗa ki da ƙawaye na kirki. Ya tsare ki a gida da hanya, Ya tsare garin da kike da wanda kika baro. Ya sa abin da aka ba ki amana, mai magana da marar magana, kada ya yi ƙararki ranar gobe. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci ko ba irin na Inna ba ne.

Kasuwa saura kwana uku. Na zaro tsumman daga ƙarƙashin rumbu, na wanke shi sau bakwai, na shanya a bayan ɗaki, na ninke. Duk hudar haƙoranta tana nan, kifayen ma ana gane su. Na sha jin Baba yana gaya wa mutane a zaure cewa dabba ma tana da haƙƙi, za a tambayi wanda ya zalunce ta. Na san ba zan iya fara magana a gabansa ba, harshena ba zai tashi ba. Amma in an tambaye ni ina iya amsawa. Gobe da safe ni zan kai masa koko. Zan ajiye kwanon, in ajiye tsumman kusa da shi, in durƙusa, ba zan tashi ba. Zai ce, "Rabi, mi ne ne wanga?"

Wassalamu alaikum.

Yayarki da ta goye ki,
Rabi